Ganɗa: rufin bakin da magana ke jingina da shi

Ɗora harshenka bayan haƙoran sama, ka ja shi baya kaɗan. Wannan tauri da ka ji shi ne ganɗa. Ƙashi ne da siririyar fata a kansa, yana raba kogon baki da na hanci. A nan harshe ke matse iska a furta c, j, sh da y, irin na ciki, jiya da shanu.

Ganɗa na haɗuwa ne daga ɓangare biyu kafin ciki ya cika wata 3. In ba su haɗu ba, sai a haifi jariri da tsaga a rufin baki. Wani lokaci leɓensa lafiya lau, ba mai lura sai nono ya riƙa fitowa ta hanci. In ya girma, iska na sulalewa ta ramin, maganarsa ta koma ta hanci, yara su yi ta kwaikwayonsa a lakkol.

A Damargu, daga Tanut har Belbeji, akwai wata barazanar: ciwon noma, mai farawa daga dasashin yaron da tamowa ko ƙyanda ta raunana, ya ci kunci har ƙashi. Ƙungiyar Sentinelles ta Suwis na kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992.

Tsagar haihuwa na ɗinkuwa, kuma likitoci sun fi son aikin wajen shekara 1, kafin yaro ya saba da gurɓataccen furuci. Noma kuwa ba ya jira: dasashi mai jini da wari, a kai yaro likita ranar.