Ko Ka Sani? Memorin Kyamara Ɗan Aike Ne, Ba Rumbu Ba

Ranar Asabar bayan La'asar, in ka tsaya a shataletalen Gawon Nama da ke Sakkwato, da wuya ka daɗe ba ka ga mai hoto ya gifta a bayan ɗan kabu-kabu ba, jaka a kafaɗa, kyamara rataye a wuya. Daga ɗaurin aure yake, walima zai nufa. Tambaye shi abin da ya fi daraja a jikinsa, kyamarar zai nuna maka. Amma a wannan yini ba ita ba ce. Kyamara in ta salwanta, kuɗi na sayo wata. Ɗan memorin da ke cikinta shi ke ɗauke da abin da ba ya dawowa, domin babu wanda zai sake tara dangi a maimaita ɗaurin aure saboda hoto ya ɓata.

Me ke cikin ɗan katin nan?

Ko ka san cewa babu komai mai motsi a cikin memori? Ba fim, ba faifai mai juyawa. Abin da ke ciki ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, ana kulle ɗan cajin lantarki a kowanne. Yawan cajin da ke ɗaki shi ne rubutun. A kati mai gigabait 64 akwai irin waɗannan ɗakuna fiye da biliyan 100, kuma fuskar amarya da rawanin waliyyinta duk a cikinsu suke zaune.

Wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro wannan fasaha a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Abokin aikinsa ne ya raɗa mata suna filash, don yadda take goge rubutu farat ɗaya ya tuna masa da walƙiyar kyamara. Katin SD da muka sani kuwa ya fito ne a 1999, da haɗin gwiwar SanDisk da Panasonic da Toshiba. Ƙanensa na waya, microSD, tsawonsa milimita 15 ne, faɗinsa 11, kamar farcen yatsa. Kwatanta wannan da kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975: nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset.

Cajin yana tsiyaya

Ga inda gizo ke saƙa. Ɗakunan nan kamar randa suke, suna riƙe ruwa amma suna tsatsafo da shi sannu a hankali. Cajin da aka kulle yana zurarewa, kuma zafi na ƙara masa sauri. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da jakar da aka bari cikin mota a rana ke sha. Yini ɗaya ba zai kashe kati ba, amma wanda ya zuba hotunan suna a memori ya jefa a aljihun tebur shekara da shekaru, ya ba kura ajiyar nama. Ban da haka, duk rubutu da gogewa suna ɗan cinye bangon ɗakunan, shi ya sa tsohon kati ke fara gardama. Ƙurar hunturu kuma tana kwanciya a kan haƙoransa na ƙarfe, sai kyamara ta ce ba ta gan shi ba.

Gogewa ba mutuwa ba ce

Ko ka san cewa in ka goge hoto a memori, yawanci yana nan daram? Kati yana da ɗan littafin da ke nuna inda kowane hoto yake. Gogewa tana soke suna ne daga littafin, ta rubuta cewa ɗakin ba kowa, alhali mai ɗakin na ciki. Sai ranar da aka kawo sabon hoto aka zaunar a gurbinsa, sannan ya tafi har abada. Saboda haka in hannu ya kuskure, ko an yi fomat ba da niyya ba, doka ɗaya ce: cire katin nan take, kada ka ƙara ko hoto ɗaya. A gefen babban katin SD akwai ɗan makulli, ja shi ƙasa. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva kan iya tono abin da ya ɓuya. Cikin waya kam ba a cika samun wannan sa'a ba.

Akwai kuma katin da ke ƙarya tun daga haihuwa. Jabun memori yakan ce wa kyamara shi mai gigabait 128 ne, alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Yana karɓar hoto ba musu, yana nuna sunaye a jere, amma da ya cika sai sababbi su riƙa hawa kan tsofaffi ko su faɗa inda babu komai. Sai an zo wanke hoto asiri ke tonuwa, uwar amarya na tsaye tana cewa, “Malam, ina hotunan ɗiyata?” Araha ba ta ado. Sabon kati a gwada shi tun a gida: a cika shi taf, a buɗe abin da aka zuba, ko a sa manhajar H2testw ta auna shi.

Uku, biyu, ɗaya

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin haddacewa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Manomin gero ba ya buƙatar a yi masa tafsirinta. Ya daɗe da sanin cewa dami a gona bai zama abinci ba sai ya shiga rumbu, kuma gobara ɗaya na iya lashe rumbunan da ke gida ɗaya.

A ce aiki ya ɗauke ka daga Gawon Nama zuwa Argungu, tafiyar kusan kilomita 100, don bikin kamun kifin da aka fara tun 1934. Dubban masunta sun ruga cikin kogin Matan Fada da homa da gora, kana ta dannawa. Kafin ka nemi tuwon dare, ga abin yi. Sa katin a ɗan kad rida mai shiga bakin waya ko laftof, ka kwafe komai. Kwafewa, ba ɗebewa ba: na cikin kati su zauna inda suke. Buɗe hoto na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ka tabbata suna buɗuwa, ka duba ko adadin ya yi daidai. Sannan ka sake zuba su a filash ko had disk. In had disk ɗin mai faifai ne, ka lallaɓa shi, domin faifansa na juyawa sau 5,400 a minti, faɗuwa ɗaya daga kan tebur na iya gamawa da shi. Irin wanda ba shi da faifai, wato SSD, ya fi jure gargadar hanya.

Daga nan sai rabon kaya. Katin da ya cika ya shiga aljihun rigarka, had disk ya zauna a jaka. Wanda ya fizge jaka a tasha, ko ruwan da ya jiƙa ta, bai haɗa da aljihu ba. Kuma kati huɗu masu gigabait 32 sun fi ɗaya mai 128 kwanciyar hankali, don in ɗaya ya mutu, ɓarin wani sashe ka yi.

Kwafin da zai zauna a wani wuri dabam shi ne na intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, iCloud kuma 5. A wurin taro sabis kan yi nauyi, data ma da tsada, don haka zaɓi hotunan da ba za ka iya rasawa ba, ka tura su cikin dare. Kada ka ɗauki WhatsApp rumbu: yana matse hoto ya rage masa kyau, sai fa in a matsayin fayil ka tura.

Duk wannan aikin bai fi zaman shan shayi ɗaya ba, in dai waya na da caji. Mai hoton da muka gani a shataletale, in ya kai gida ya sauke jaka, aikinsa bai ƙare ba tukuna. Ɗan aike ya iso da saƙo. A karɓa kafin a sake aikensa.