Kafin ka rushe gidan ubanka

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya tsaya a Tambuwal, ya bar bakin titi ya kutsa cikin tsofaffin unguwanni, zai ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau. Zai ga zaurukan da suka tsattsage, da katangun da gindinsu ya zaizaye, alhali kuwa 'ya'yan gidajen nan manyan ma'aikata ne a Sakkwato da Kaduna da Abuja. Idan ka tambayi ɗayansu, amsar guda ce: yana tara kuɗi ne ya rushe gidan ya sake shi da bulo. Ba zargin kowa nake yi ba, domin ni ma na shekara uku ina ba da wannan amsa.

Gidanmu na ƙasa ne, kakanmu ya gina shi da tubali da azara, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya ƙara ɗakuna biyu na kwano, sa'annan ya shafe fuskar gidan da siminti a lokacin da yin hakan ke nuna an samu wadata. Da babbar Sallar 2022 ni da ƙannena muka zauna a zaure muka yanke shawarar rushe shi, muka raba wa kowa abin da zai riƙa kawowa duk wata. Ba mu je ko'ina ba aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon yashi da bulo ya tashi. A watan Fabrairun 2024 kuma buhun siminti ya haura Naira 10,000 a sassa da dama na ƙasar nan, har sai da gwamnatin tarayya ta kira masu masana'antu zaman tattaunawa. Kullum muka sake lissafi sai mu tarar abin da muka tara ya ƙara ƙanƙancewa. A duk tsawon lokacin nan babu wanda ya sa ko cokalin laka a bango, don a ganinmu asara ce a gyara abin da za a rushe.

Cikin watan Agustan 2024, da tsakar dare, simintin da ke jikin bangon ɗakin mahaifiyarmu ya ɓantaro gaba ɗaya, ya tafi da kusan rabin kaurin bangon. Allah Ya tsare, waje ya faɗa. Da na iso da hantsi na tarar da ita zaune a tsakar gida, kayanta a ɗaure. Na ce ta shirya mu tafi Sakkwato har a gama sabon gini. Sai ta dube ni ta ce: "Ku da kunka yi boko kun fi ni sanin lissafi. Amma nan anka kawo ni, nan nika jiran ranata. In ba ku iya sabo, ku gyara min wanga."

Maganar nan ce ta kai ni wurin wani tsohon magini, abokin mahaifinmu, wanda ƙarfinsa ya ƙare amma idonsa na nan. Ya zagaya gidan da sandarsa yana ƙwanƙwasa bango yana saurare. Da ya gama na ce, "Baba, a rushe ko?" Ya ce, "Ɗana, gidan ga ba tsufa ka damun shi ba, ruwa ne. Ku nuna ma ruwa hanya, ku bar ƙasa ta sha iska."

Abin da ya bayyana mini a ranar, daga baya na tarar masana gine-gine ma haka suke faɗa. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna, domin zafi da sanyi ba sa motsa su daidai. Da simintin ya tsage sai ruwa ya shige bayansa, ya rasa hanyar fita, bangon ya yi ta jiƙa a ɓoye yana laushi, a waje kuwa fenti na ƙyalli. Yaɓen ƙasa shi kuwa idan ya jiƙa, rana na fitowa zai bushe. Ashe abin da muka ɗauka ado ne shi ya yi shekaru yana cin gidan.

Muka tokare bangon, Inna ta koma wani ɗaki, muka jira rani. Bayan ƙaramar Sallar 2025 na ɗauki hutun mako biyu, muka tara 'ya'yanmu da na 'yan uwa, muka yi abin da iyayenmu ke kira aikin gayya. Tsohon nan yana zaune a kan dakali yana ba da umarni, mu kuma da digirorinmu muna kwaɓa ƙasa da ƙafa.

Da ruwa muka fara, kamar yadda ya ce. Muka hau soro muka share indararo, waɗanda suka ruɓe muka sauya su da dogaye, don ruwa ya riƙa zuba nesa da gindin bango. Muka cike tsagogin rufi, muka toshe hujojin kwano. Muka zuba jar ƙasa a gindin katanga muka daddaɓe ta da gangare, muka haƙa 'yar magudana daga tsakar gida zuwa rariya. A nan kaɗai, da makewayi da wurin wanke-wanke, muka yi amfani da siminti, domin nan ne muhallinsa.

Sa'annan muka ɓamɓare sauran simintin da ke jikin bango. Muka kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, muka bar ta ta kwana biyu ta tsumu, muka cike ramuka kaɗan-kaɗan, kowane sashe sai ya sha iska a ɗora wani. Dangin Inna suka aiko mana daga Kebbe da buhunan ɓawon ɗorawa, aka jiƙa aka samu makuba, wadda ke ƙara wa yaɓe da daɓe ƙarfi su jure ruwa. Matan gida suka yi daɓen ɗakuna biyu, tsofaffin cikinsu na koya wa 'yan matanmu na jami'a yadda ake riƙon madaɓi. Daga nan muka shafe ciki da farar ƙasa, muka faɗaɗa taga ɗaya muka sa mata ragar sauro, muka kankare ƙyauren zaure muka shafa masa mai, muka kafa ƙaramin faifan sola mai ɗaukar ƙwai huɗu da fanka. Abin da muka kashe duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka yanka mana na sabon gini ba. Daminar 2025 ta zo ta wuce, ko ɗigo bai sauka a ɗakin Inna ba. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, a soron kakanmu kowa ke neman wurin ƙailula, ɗakunan kwano sai kaya.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kowane gida ne zai gyaru da hannun masu shi. Bangon da ya karkata, ko azarar da ta karye, aikin magini ne, wani lokaci ma sauke shi ne kawai mafita, domin rai ya fi gini. Haka nan wayar lantarki, mun kira mai sana'ar ne muka biya shi. Kuma ginin ƙasa yana da sharaɗinsa: duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an duba shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mu 'yan boko muka mayar da ginin ƙasa alamar talauci, alhali duniya na girmama shi. Masallacin Yaama da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji, shi ma a Nijar, maimakon a rushe tsohon masallaci, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. A birnin Jenne na ƙasar Mali, mutanen gari sun daɗe da al'adar fitowa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu su yaɓe babban masallacinsu a rana guda. A 2022 kuma Francis Kere na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar da ya gina da tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. Mu da muka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya, mu ne muke jin kunyar a gan mu da laka a hannu.

Tsohon maginin nan ya gaya mini cewa babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya gaji sana'ar, kuma itatuwan ɗorawa sai raguwa suke yi saboda masu itace da gawayi. Idan irinsa suka ƙare, ko muna son gyaran ba za mu samu mai nuna mana ba. Ya kamata kwalejojin fasaha na jihar Sakkwato su jawo irin waɗannan dattawa su koyar da ɗalibai tun suna raye, masu unguwanni kuma su farfaɗo da gayyar yaɓe kafin kowace damina.

Kai kuma ɗan uwana ma'aikaci da ke jiran ranar da kuɗin bulo za su cika, shawarata ita ce ka je gida a wannan rani, ka hau soro ka duba indararo, ka zagaya ka dubi gindin bangon da mahaifiyarka ke kwana a bayansa. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan Allah Ya hore maka sabon gini daga baya, madalla, sai ya tarar da tsofaffinka da rai da lafiya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.