Keso Guda: Abin da Ke Cikin 20,000

 Yau lamba ɗaya tak za mu tisa a gaba, mu kwance ta: dubu ashirin.

Wannan lamba tsohuwar 'yar kasuwa ce. Zamanin da ake ciniki da wuri, irin wanda ake kwasowa daga tsibiran Maldibs, wuri 20,000 ake ɗurawa a buhun saƙa, a ce keso guda. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Ke nan keso dala takwas ne cif. Mai ƙirga kuwa zama yake dirshan a ƙasa, yana jan wuri biyar biyar da yatsu, ya tara tsibin metan, sannan na dubu.

To me ya sa keso ya yi wa 'yan kasuwa daɗi? Ku yi ta raba shi biyu: 10,000, 5,000, 2,500, 1,250, 625. Sau biyar ke nan, daga nan biyu ta gaza. Ita kuma 625 biyar ce aka ninka da kanta, biyar sau biyar sau biyar sau biyar. Iyakar abin da ke cikinta ke nan, biyu da biyar. Daga su ake samun lambobi 30 da ke raba ta ba saura. Idan aka cire ita kanta aka tara sauran, za a sami 29,203, sun zarce ta. Masana lissafi na sa irin wannan a jerin lambobi masu yalwa.

Amma a kai ta gaban malamin rabon gado a ga inda take ciwo. Tumunin matar mamaci zai fita sumul, 2,500. Rubu'i ma haka, 5,000. Sulusi fa? Kowa 6,666, wuri biyu na nan a tabarma ana kallon kallo. Sudusi ma bai fita, domin babu uku a jikinta.

Da ni aka tambaya, sai in ce a ƙara wuri 160 kawai. Lambar 20,160 tana rabuwa da kowace lamba daga ɗaya har goma, masu raba ta kuwa 84 ne. Sai dai mai ƙirga biyar biyar tun hantsi ba zai gode mini ba.

Akwai kuma wata maƙwabciya mai taurin kai, 20,011. Ita ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Duk wanda ke musu, ya ɗauki alƙalami ya gwada lambobi har zuwa 141. In ya samu mai raba ta, muna jiran wasiƙarsa.