In hannun jariri ya yi sanyi, ba a jiran safiya

Daga Tanda, matar da haihuwa ta zo mata da gardama Gaya ake kai ta. In abin ya fi ƙarfin Gaya sai Doso, tafiyar kilomita wajen 150, daga can kuma sai Yamai. A tsakanin waɗannan zangunan jaririn da aka haifa da rauni yakan sha allura da ƙarin ruwa. Su ne ke ceton ransa, amma jifa-jifa su ne ke toshe wa hannunsa ko ƙafarsa jini.

Jijiyar jariri siririya ce kamar zare, musamman ta bakwaini. Allura na iya kuskure hanya ta faɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, jijiyar ta tsuke ko jini ya daskare cikinta. Siririn bututun da manyan asibitoci ke zurawa ta cibiya shi ma yakan jawo haka ga ƙafa. Wani lokaci kuma abin bai kai nan ba: robar ɗaure hannu ce aka manta, ko bandeji ya matse.

Gaɓar takan yi sanyi, ta koɗe ko ta yi shuɗi, jaririn ya bar motsa ta. A fata baƙa, tafin hannu da farce ake dubawa: in an danna, launi ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 3. Uwa ko kakar da ke jinya ta fi kowa damar lura, don majo da ungozoma gadaje da yawa ke gabansu. Kunyar tada ma'aikaci cikin dare tana da tsada a nan, tun da tsoka ba ta jure rashin jini fiye da awa 6 ko kusa da haka.

Ma'aikaci zai fara cire bututun, ya kwance ɗauri, sannan ya ɗumama ɗaya gaɓar, wato mai lafiyar, domin jijiyoyin maras lafiyar su saki. Ita kanta ba a gasa ta. Gashin ruwan zafi da aka saba da shi a gidan jego ƙona naman yake, ya ƙara masa yunwar jini.

In launi bai dawo ba akwai man nitirogiliserin, maganin ciwon zuciya, da ake shafawa kaɗan a saman jijiyar. Tun 1992 wasu likitocin Amurka suka ba da rahoton amfaninsa ga jarirai. In gudan jini ne, sai heparin ko maganin narkar da shi, wanda ke iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wannan aikin babban asibiti ne.

A 2006 Nijar ta kafa dokar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, sai dai doka ba ta rage tsawon hanya.

Ko yatsu sun yi baƙi, likitoci ba su gaggawar yankewa muddin wurin bai ruɓe ba. Sukan jira iyakar mataccen nama ta fito sarai, domin jikin jariri yakan buɗe wa jini wasu hanyoyi, kuma abin da ake rasawa sau da yawa bai kai abin da aka zata ranar farko ba.