Wai Su Waye 'Yan Farin Kaya, Kuma Me Ya Sa Baƙi Suke Sawa?

Duk mai kallon finafinan Kannywood ya san wannan fitowar. Mota mai baƙin gilashi ta tsaya, wasu ƙarti suka diro cikin baƙaƙen kwat da baƙin tabarau, wani ya rage murya ya ce, "Kai, 'yan farin kaya ne." To ina farin kayan?

Farin nan ba launi ba ne. Idan ka ce wa mai abinci a Fagge ta zuba maka farar shinkafa, wadda ba a haɗa da komai ba kake nufi. Farar takarda ita ce wadda ba a yi rubutu a kai ba. Haka farar hula: mutumin da ba soja ba, ba ɗan sanda ba. Shi ma farin kaya tufafi ne da ba su da lamba, ba igiya a kafaɗa, irin nawa da naka.

Bahaushe dama da abin da ido ya gani yake raɗa wa jami'i suna. Ɗan sanda daga sandar hannunsa ya samu nasa. Da aka zo kan wanda ba ya riƙe komai, zai iya zama kusa da kai a teburin mai shayi a Sabon Gari yana jin hirarku, sai aka kira shi da rashin kakinsa. Wasu su ce ɗan sandan ciki.

A da aikin yana hannun wani sashe na 'yan sanda ne. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar NSO. A 1986 Babangida ya rushe ta ya raba uku: NIA ta leƙen asirin waje, DIA ta soja, sai SSS ta cikin gida, wadda yanzu aka fi sani da DSS. Ita ce yau ake nufi da hukumar farin kaya, kuma ta tarayya ce, gwamnan Kano ba shi da iko a kanta. Kusan abin da mawaƙan gambarar Amurka ke nufi ke nan idan suka ce feds, wato jami'an tarayya irin su FBI.

Inda daraktocinmu ke ba ni haushi shi ne baƙar kwat ɗin nan. Gaskiya ne masu gadin manya suna sa ta, masu kai samame kuma su fito da baƙi har da rufe fuska. Amma mai tattara bayanai a Kantin Kwari kwat a zafin Kano ai tona masa asiri za ta yi. Yadi da hula zai sa. Fim ya koya wa yara cewa tabarau da ɗaure fuska su ne shaida, 'yan damfara kuma da wannan shigar suke tare samari suna karɓe musu waya. Idan wani ya tare ka ya ce farin kaya ne shi, nemi katin shaida, ka tsaya inda jama'a suke, ka kira wani a gida.