Kunkuru da Ganyen Alobera

Kunkuru ba ya kai ƙara. Akuya in ta ji yunwa sai maƙwabta sun sani, kaza in ciwo ya kama ta kowa zai ga ta saki fukafukai, amma kunkuru yana iya shekara yana cin abin da ke cutar da shi, yana tafiyarsa sannu a tsakar gida, mai gida kuwa na ta yaba lafiyarsa. Shi ya sa nake ganin girman duk mai kiwon da ya tsaya ya yi tambaya kafin ya miƙa masa sabon ganye. Tambayar da ta taso yanzu, tun da alobera ya cika tukwanen fulawa a gidajen birni, ita ce ko ya dace a ba shi.

Kafin a amsa, sai an san wanda ake ciyarwa. Babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, ɗan ƙasarmu ne. Ana samunsa tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali, Nijar, arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Babu kunkurun tudu da ya kai shi girma a doron Afirka, a duniya ma na tsibiran Galapagos da na Aldabra kaɗai suka fi shi. Ɗan da aka ƙyanƙyashe bai cika tafin hannu ba, amma ƙaton namiji kan haura kilo 80, ya kuma wuce shekara 70 a duniya. Wanda ya saya wa yaronsa ɗan kunkuru a kasuwa, jikokinsa ya saya wa.

Hausawa na cewa kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Wanda ya fara faɗar wannan ya lura da dabbar sosai, domin son damben gaskiya ne. Lokacin barbara maza biyu kan yi karo, kowanne na sa tsinin da ke gaban ƙirjinsa yana neman ya kifar da ɗan'uwansa, kuma wanda ya faɗi rigingine cikin rana, in bai samu ya birkice ba, zafi na iya kashe shi. A tatsuniyoyinmu Gizo ya riga ya kwashe wayon, sai aka bar wa kunkuru haƙuri, alhali Yarbawa da Ibo shi suka ba sarautar dabara. Gidaje da dama a Sahel suna ajiye shi, wasu don sha'awa, wasu don imanin cewa yana kare gida daga sammu. A ƙasar Dogon ta Mali har ana ba da labarin kunkurun da ke ɗanɗana abincin shugabansu na gargajiya kafin ya ci. Ina jin irin waɗannan labarai sun taimaka wajen sa mutane ɗauka cewa cikinsa ba abin da ba ya narkarwa.

Cikin nasa kuwa na ciyawa ne. A daji yana kiwon gude-gude da kiri-kiri da ire-irensu, ɗanye da damina, busasshe da rani. Abincin kan yi kwanaki a hanjinsa, ƙananan halittu na narkar da shi a hankali. In zafi ya tsananta sai ya haƙa dogon rami ya shige inda ƙasa ke da sanyi da danshi, ya rage motsi, ya riƙa amfani da ruwan da ya adana a mafitsararsa. Idan ya ci karo da tsiro mai ruwa a jiki yakan gatsa, saboda a wurinsa wannan shan ruwa ne.

Ta wannan ƙofar alobera ya shigo. Dangin tsiron ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, akwai na daji mai ɗige-ɗige a ganye da ake kira zabuwa ko kabar giwa. Naman da ke cikin ganyen kusan duk ruwa ne, ba ya cutar da kunkuru, kuma da yawansu suna cinsa da marmari. Matsalar tana ga ruwan nan rawaya mai ɗaci da ke tsakanin ɓawo da nama. Yana ɗauke da sinadarin aloin, mai sakin ciki da ƙarfi, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin magungunan sakin ciki da ake sayarwa ba da takardar likita ba a 2002. Kare da kyanwa sukan yi amai da zawo in sun ci. Kunkuru ya fi su jurewa, amma in ya ci da yawa shi ma cikinsa zai ɓare. Zawo kuwa ga dabbar da duk rayuwarta ta ginu kan tattalin ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Jikinsa zai bushe, fitsarinsa ya yi kauri, in abin ya daɗe tsakuwa na iya taruwa a mafitsara.

Don haka a ba shi, amma kaɗan, jefi-jefi. A yanko ganyen, a jingine shi a tsaye ruwan rawayan ya tsiyaye, a wanke, a fere ƙayoyin gefe, a ba babban kunkuru guntu kamar tsawon yatsa. Ƙananan 'ya'ya gara a bar su. Tsiron da aka sayo kwanan nan daga wurin masu sayar da fulawa ba na ci ba ne, don ba a san irin maganin ƙwarin da aka fesa masa ba, haka nan man alobera na kwalba da ake shafawa. A kuma tabbata abin da aka yanko, kada a haɗa shi da tinya ko aguwa, masu farin ruwa mai ƙuna.

Abin da ya fi damuna ya wuce alobera. Saurar shinkafa ce, da tuwo, da wake, da burodi, da ake zuba masa don ƙauna. Zai ci, ya yi saurin girma, ƙoƙon bayansa ya fito tudu-tudu maimakon sumul, ƙodarsa ta wahala, sai bayan shekaru a ga abin da aka yi. Garin neman gira an rasa ido. Wannan kuwa dabba ce da ke ƙarewa a dajinta, saboda kiwon da ke cinye ciyawarta da kamun da ake mata don sayarwa. Tun 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta hana fitar da waɗanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci, kuma a Noflaye, kusa da Dakar, akwai wurin da aka keɓe don kula da su da mayar da su daji. Wanda ke da guda a gidansa amana yake riƙe da ita.

Ciyawa ce za ta zama mafi yawan abincinsa, a ƙara da ɗan ganyen zogale ko na yakuwa, a barbaɗa niƙaƙƙen ɓawon ƙwai don ƙarfin ƙashi. A ba shi rana da inuwa, da ƙasar da zai haƙa, da faffaɗan kasko mara zurfi na ruwa da zai sha ya jiƙa jikinsa. Bayan an ba shi alobera a duba kashinsa na 'yan kwanaki. Na mai lafiya a dunƙule yake, da zaren ciyawa a ciki. In ya zama ruwa-ruwa a daina, in kuma ya ƙi cin abinci ko idanunsa suka faɗa, a kai shi wurin likitan dabbobi.