Ƙaura Daga Windows Zuwa Linux Ko Mac: Yadda Za Mu Kwashe Fayiloli Da Imel



Duk wanda ya taɓa ganin ranar da gidansu ya tashi zuwa wata unguwa ya san ba gado da katifa ake mantawa ba. Abin da ake bari a baya shi ne takardar haihuwa da ke ƙarƙashin akwati, ko makullin da aka rataye a bayan ƙofa. Haka ƙaurar kwamfuta take. Mun ɗauko batun a wannan makon saboda tambayoyi sun yi yawa a akwatin kulob: wannan yayansa ya bar masa tsohuwar laftof, wancan yana son ya cire Windows ya sa Linux, wata kuma a gidansu an sayi Mac.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma da yawa daga cikin laftof na hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su cika sharuɗɗan ba. Shi ya sa wasu ke komawa Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Kyauta ce, kuma tana da iri-iri, kamar Linux Mint da Ubuntu, wadda ta fito a 2004 da ɗaukar nauyin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu.

Abu na farko da za mu sani shi ne fayiloli suna ƙaura, amma manhajoji ba sa ƙaura. Hoto hoto ne a ko'ina, haka bidiyo da sauti da PDF. Amma manhajar da aka yi wa Windows, mai ƙarewa da .exe, ba za ta tashi haka kawai a Mac ko Linux ba, don haka kwafe ta ɓata wuri ne. A sabon gida sai a nemi makwafinta. A Linux, misali, LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint. Sai dai tsarin shafi yakan ɗan goce, tebur ya tsallaka wani shafi, saboda salon haruffa irin su Calibri ba ya zuwa da ita. Takardar da aka gama, kamar aikin ƙarshen zango ko jarrabawar da malam ya tsara, gara a ajiye kwafinta a PDF kafin a tashi.

A nan akwai abin da ya shafe mu masu rubutun Hausa. Tsofaffin takardu da yawa an buga su ne da wani salon haruffa na musamman, inda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan wasu alamomi dabam. Idan salon bai bi takardar zuwa sabuwar kwamfuta ba, sai a buɗe a ga baka-biyu ko wata alama a gurbin kowace ƙugiya. Malaman Hausa da ke da tsofaffin darussa su kwafi fayil ɗin salon tare da takardun. Wanda aka buga da Unicode, tsarin da wayoyinmu ke amfani da shi, ba shi da wannan matsalar.

Sai motar kwasar kaya, wato filash ko faifan ajiya na waje. Kowane dandali yana da yadda yake tsara ma'ajiyarsa: Windows tana amfani da NTFS, Mac da APFS, Linux galibi da ext4. Mac tana iya karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa, Windows kuwa ba ta gane APFS da ext4 da kanta. Yawancin ƙananan filash suna zuwa da FAT32, wanda kowa ke ganewa, amma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Abin da ya sa ke nan bidiyon bikin yaye ɗalibai yake ƙin shiga alhali akwai wuri. A ganinmu exFAT ya fi dacewa, domin duka ukun suna karantawa suna rubutu a kansa, kuma ba shi da waccan iyakar. A kula, sake tsara filash yana goge duk abin da ke ciki, don haka a yi shi tun filash ɗin yana fanko. A kuma bincike shi da manhajar kashe bairos, musamman idan ya zaga shagunan buga takardu.

Ina kayan suke? A Windows, a buɗe faifan C, a shiga Users, a shiga folda mai sunan mai kwamfutar. Nan za a sami Documents da Pictures da Videos da Music. Biyun da aka fi mantawa su ne Desktop da Downloads, kuma a Downloads ne takardar rajistar jarrabawa da rasit ɗin biyan kuɗin makaranta suka fi kwana. Idan akwai faifan D, shi ma a leƙa. Mai amfani da OneDrive ya duba alamar da ke gefen kowane fayil: idan hoton gajimare ne, to fayil ɗin yana intanet, sunansa kawai ke cikin kwamfutar, sai an sauke shi tukuna. Idan kuma an kulle faifan da BitLocker, a nemo lambar buɗewarsa mai alƙaluma 48 a rubuta a takarda.

Yanzu ga imel, inda aka fi yin kuka. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: wasiƙunmu suna rumbun kamfanin ne a intanet, ko suna cikin kwamfutar? Wanda yake buɗe Gmail ko Yahoo ta burauza, hankalinsa ya kwanta. Wasiƙunsa suna can, da ya shiga da adireshi da kalmar sirri a sabuwar kwamfuta zai gan su. Matsalarsa ɗaya ce: mutane da yawa sun manta kalmar sirrinsu saboda burauza ce ke tuna musu ita shekara da shekaru. Tun tsohuwar kwamfutar tana aiki, a gwada shiga ta wata na'ura. A kuma tabbata lambar wayar da ake turo lambar tantancewa a kanta tana hannu. Idan layin ya ɓata ko an rufe shi, a canza lambar yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda yake amfani da manhajar imel kamar Outlook ko Thunderbird, sai ya shiga saitin asusunsa ya ga wace hanya aka ɗora shi, IMAP ko POP. IMAP kamar madubi take, abin da ke rumbun kamfanin shi take nunawa, saboda haka da an sa asusun a sabuwar kwamfuta komai zai sauko. POP kuwa kamar ɗan aike ne da yake kwaso wasiƙu daga gidan waya ya kawo gida, kuma sau da yawa an saita ta ta goge na rumbun bayan ta sauke. Ke nan kwafin da ke cikin kwamfutar shi ne kaɗai a duniya. Ranar da aka goge faifan, wasiƙun shekara goma sun tafi.

Mai Thunderbird ya huta, domin tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ana iya kwafe foldar bayananta gaba ɗaya. Ana samun ta a cikin AppData, wadda Windows ke ɓoyewa sai an ce ta nuna ɓoyayyun fayiloli. Outlook ta dā tana tara wasiƙu a fayil mai ƙarewa da .pst, wanda yawancin manhajojin Linux ba sa buɗewa kai tsaye. Dabarar da muka fi so ita ce a ƙara asusun Gmail ta hanyar IMAP a cikin Outlook ɗin, sannan a ja tsofaffin foldoji a jefa cikinsa. Wasiƙun za su hau intanet da kaɗan-kaɗan. Aikin yana cin data da lokaci, kuma a tuna gigabait 15 Google ke bayarwa kyauta, a haɗe da Drive da Photos. Mai son ajiye kwafin Gmail ɗinsa a hannu kuwa, Google Takeout zai tattara masa shi a fayil irin na mbox.

Adireshin mutane ba ya bin wasiƙu a irin wannan jan, sai an fitar da shi dabam a fayil ɗin vCard ko CSV. Haka shafukan da aka yi wa alama a burauza, ana fitar da su a fayil ɗin HTML. Chrome da Firefox suna iya fitar da kalmomin sirri ma, amma a fili suke fitowa, duk wanda ya tsinci filash ɗin zai karanta su. Da an shigar da su a sabon wuri a goge fayil ɗin.

Kafin a taɓa tsohuwar kwamfuta, a yi kwafi biyu a wuri biyu, don filash yakan mutu ba sallama. A yi kwafin batir yana cike, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana barin fayil rabi. A kwatanta yawan fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, sannan a buɗe wasu a gani da ido. Mai shirin sa Linux zai iya tayar da ita daga filash ya gwada sauti da Wi-Fi da firinta ba tare da ya goge komai ba. Idan kuma tsohuwar za a sayar ko a ba ƙani, a jira kamar mako biyu ana aiki da sabuwar, sannan a fita daga duk asusun da ke ciki, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani tare da zaɓin goge komai.

Mai sauran tambaya ya rubuta ya jefa a akwatin kulob, ya faɗi irin kwamfutarsa da manhajar da yake buɗe imel da ita.